Zani, siket, doguwar riga ko abaya: wanne ya fi dacewa da mace mai shekara 40 zuwa sama a Zariya?

Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma da zarar almakashi ya shiga cikinsa magana ta ƙare. Mata da yawa kan ɓata yini guda a kasuwar Sabon Gari suna zaɓen zane da launi, amma idan an je wurin tela sai a yanke hukuncin ɗinki cikin minti biyu: "Malam, irin na wancan karon za ka yi min." Tela ya buɗe tsohon littafinsa, ya yanka da awon da ya ɗauka shekara bakwai da suka wuce. A nan ake asarar turmi, ba a kasuwa ba.

Jikin mace yana sauyawa bayan shekara 40, ko da nauyinta bai ƙaru a sikeli ba. Ɗaukewar al'ada kan zo wa yawancin mata tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma tun kafin ta zo ƙiba kan fara barin cinya da mazaunai ta taru a ciki. Damtse ya cika, ƙirji ya ɗan sauka, ga zafin nan da kan taso daga ƙirji zuwa fuska ba sallama, gumi ya biyo baya. Kayan da za su yi wa wannan jikin daɗi sai sun ci jarrabawar yinin Zariya: hawa Keke Napep daga Ƙofar Doka zuwa PZ, cunkuson bas ɗin Samaru, tsayuwar aji ko zaman ofis, tsugunon alwala, zaman tahiya, da zama a kan tabarma a gidan suna ko gidan gaisuwa. Ga yanayin gari kuma iri uku: zafin Maris zuwa Mayu da kan kusanci digiri 40 da rana, damina mai jiƙa bakin zani da taɓo, sai hunturun Disamba da Janairu da ake fita da asuba ana kyarma, da azahar kuma ana neman inuwa.

Riga da zani

Babbar falalar zani ita ce ba shi da awo. Yau ciki ya kumbura, a sassauta. Gobe an rame bayan azumi, a ƙara ja. Babu wani ɗinki cikin huɗun nan da ke bin jiki kullum kamar haka, kuma iska na shiga ta ƙasa, abin da mai fama da zafin jiki za ta gode wa.

Inda ake kuskure shi ne tsawon ƙyallen. Al'adar teloli ita ce a cire yadi 2, wato inci 72, ko wace ce mai kayan. Amma zani ba ya rufuwa da kyau sai ya kai kamar ninki ɗaya da rabi na faɗin mazaunai. Mai inci 44 tana buƙatar 66, yadi 2 ya ishe ta har da rara. Mai inci 48 ta cinye shi cif. Mai inci 52 kuwa inci 78 take buƙata, don haka idan aka ba ta yadi 2 sai zani ya riƙa buɗewa duk lokacin da ta ɗaga ƙafa za ta hau mota, ta yini tana riƙe da gefensa. A ce wa tela ya cire yadi 2 da kwata, ko 2 da rabi, ya rage daga ɗankwali. Tsayin zani kuma faɗin atamfa ne, inci 45 zuwa 47, wanda ya ishi kusan kowa. Gajeriya ta naɗe sama, kada a yanke.

Aibin zani ɗaurinsa ne. Naɗin da ake sokewa a ƙugu yana tara ƙyalle ninki uku ko huɗu daidai kan ciki, wurin da aka fi son a rage tudu. Sabuwar atamfa mai sitaci kuma santsi gare ta, takan warware. Maganin duka biyun igiya ce siririya da za a ɗinka a kusurwoyin sama guda biyu: a ɗaure ta a gefe, ba a gaba ba, sai a daina soke naɗi. Rigar da ke tafiya da shi ta sauka ta rufe mazaunai, tsawon inci 28 zuwa 30 daga kafaɗa ga matsakaiciyar mace, da tsaga inci 4 a kowane gefe don kada ta tattare idan an zauna. Riga mai tsayawa a cibiya ta 'yan mata ce, su ma ba kowa take yi wa kyau ba.

Zani na gida ne da biki da zaman tabarma. Ga malamar da ke hawa bene zuwa aji, ko ma'aikaciyar da ke zirga-zirga a asibitin Shika, yana cin hankali da yawa.

Riga da siket

Wannan ne ɗinkin da ya fi kyau a hoto, kuma shi ya fi cin amana. Dalili ɗaya ne: siket mai zif yana da awo guda a ƙugu, ƙugun mace mai shekara 45 kuwa ba awo guda gare shi ba. Tsakanin safiya da bayan cin tuwon dare yakan bambanta da inci 1 ko 2. Zama ma kaɗai yana ƙara wa ciki da mazaunai faɗi, alhali tela a tsaye yake awo, mai kayan kuma ta haɗiye ciki saboda kunya. Sakamakon shi ne siket ɗin da ke shiga da safe, da la'asar ya zama azaba: bel ɗinsa ya naɗe ƙasan ciki, zif ya fara buɗe baki, ɗinkin baya ya fara tsinkewa.

Wanda ya fi wahalarwa shi ne siket mai fale shida da ke matse gwiwa sannan ya baje a ƙasa. Ba a iya buɗe ƙafa da shi a tsallake kwata, ba a tsuguno, zaman tahiya kuwa sai an tattaro shi sama. Idan aka yi masa shafi da ƙyallen roba, an haɗa matsi da zafi wuri ɗaya. Mai ciwon gwiwa ta bar shi kawai.

Wannan ba ya nufin a yi sallama da siket. Ana gyara shi ta hanya uku, kuma duk tela ya iya idan aka nace masa. Na farko, gaba ya zama lafiyayyen bel, baya kuma a saka roba mai faɗin inci 1 da rabi. Gaban ya kwanta sumul, bayan ya bi jiki. Siririyar roba irin ta wandon yara ba ta yi, takan murɗe ta yanki fata. Na biyu, faɗin siket a gwiwa kada ya gaza faɗinsa a mazaunai, daga nan ya riƙa buɗewa a hankali har ƙasa. Na uku, a ƙara inci 3 a kan awon mazaunai, ba inci 1 da aka saba ba. Tattara ko'ina a ƙugu tana ƙara girman ciki, musamman a atamfa mai kauri. Idan ana son ta, a mayar da ita gefe da baya.

Rigar siket tana da nata rikicin. Wadda ake yanka ta a ƙugu a haɗa mata baza tana kyau ne idan layin haɗin ya zauna a wurin da ya fi siranta, wanda ga mace mai ciki ya koma sama, ƙasan ƙirji kaɗan. Idan tela ya sa shi a tsohon wurin, bazar za ta tashi daidai kan ciki kamar rumfa.

Doguwar riga

Idan za a zaɓi ɗinki ɗaya na yau da kullum, wannan ne, kuma ba don lalaci ba. Nauyinta a kafaɗa yake rataye, babu abin da ke ɗaure ciki, babu riga mai ɗagewa ta bar baya a buɗe idan an yi ruku'u. Sai dai "doguwar riga" suna ne da ke ɗauke da abu uku mabambanta, kuma bambancin shi ne komai.

Akwai mai bin jiki daga sama har gwiwa, da zif a baya. Wannan siket ne da riga aka haɗe, duk aibin da aka faɗa a sama yana nan, har da ƙarin neman wanda zai ja zif. Akwai bubu, wadda ake ninke ƙyalle a kafaɗa a huda wuya a ɗinke gefe. Sai ta tsakiya, wadda teloli ke ce wa "A shef": ta zauna daidai a kafaɗa da ƙirji, sannan ta buɗe a hankali zuwa ƙasa.

Bubu ta fi kowacce shan iska, kuma lissafinta mai sauƙi ne. Macen da tsawonta daga kafaɗa zuwa idon sawu inci 56 ne tana buƙatar 112, wato yadi 3 da 'yan inci, a ƙara na kalmasa. Faɗin atamfar ya zama faɗin rigar, hannu ya sauko wajen gwiwar hannu ko ya ɗan wuce. Ragowar turmi ya ba da ɗankwali har da zanin ciki. Matsalarta biyu. Idan ƙyallen mai tauri ne, kamar shadda ko atamfar da ta sha sitaci, bubu ba ta zuba, tsayawa take kamar tanti, gajeriyar mace ta ɓace a ciki. Sannan hannunta na jan ruwa wajen alwala, kuma haɗari ne a gaban risho ko gas. Ba rigar kicin ba ce. Akwai wani abu da ake mantawa: tunda ninkewa ake yi a kafaɗa, zanen da ke da sama da ƙasa, kamar tsuntsu ko fure mai kara, zai kwanta a gicciye, ko ya kife a gefe ɗaya. A duba zanen tun a kasuwa.

Ta tsakiyar ita ce ta fi kowacce daidaito, kuma ita ta fi buƙatar tela mai hankali, don duk kyanta a kafaɗa yake. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai inda ƙashi ya ƙare. Idan ya zarce, riga ta zama kamar ta aro. Idan ya gaza, hannu ba ya ɗaguwa. A ƙara inci 3 zuwa 4 a kan awon ƙirji, aƙalla inci 6 a mazaunai, bakin ƙasa kuma ya kai inci 70 ko fiye don a samu taku. A damtse a ƙara inci 2 zuwa 3. Kuskuren da aka saba shi ne idan mace ta ce hannu na matse ta sai tela ya zurfafa hammata. Zurfin hammata kuwa shi ke sa duk rigar ta ɗago idan an ɗaga hannu. Faɗin hannun za a ƙara, ramin ya zauna inda yake. Tana cin yadi 4 zuwa 4 da rabi. A nemi aljihu a ɗinkin gefe, waya da makulli su huta da jaka. Tsawo kuma ya tsaya a idon sawu: ɗaga bakin riga daga ƙasa shi ne bambancin rigar da za ta shekara da wadda taɓon Tudun Wada zai cinye bakinta a damina ɗaya.

Wuya ya danganta da ƙirji. Mai cikar ƙirji ta fi kyau da wuya mai ɗan tsini ko mai kusurwa huɗu, marar zurfi. Wuyan da ya shaƙe maƙogwaro yana ƙara cika, yana kuma riƙe zafi. Aikin zare a wuya da bakin hannu yana ɗaga riga fiye da tarin duwatsu, kuma a nan mutanen Zariya ba su da uzuri, don birni ya yi suna da ɗinkin hannu tun kaka da kakanni, har mata a cikin gida suna yi.

Abaya

Abaya ta ci kasuwa ne da sauri: a zura, a yafa mayafi, an fita. Ba tela, ba alkawarin "ki dawo jibi". Lambar da ke jikinta, 52, 54, 56, 58, tsawo ne a inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba faɗi ba. Mai jiki da ta sayi 58 don ta samu yalwa za ta samu riga mai jan ƙasa wadda ƙirjinta na nan a matse. A auna ƙirjin abayar da tef kafin a biya, ya fi na jiki da aƙalla inci 4.

Aibinta a ƙyalle yake. Yawancin abayoyin kasuwa zaren roba ne, ba ya shan gumi, baƙi kuma na kwasar rana. A watan Afrilu, tafiya a ƙafa da baƙar abaya a kan wasu kaya wahala ce da ba dole. Da hunturu kuma, iska ta bushe, sai ƙyallen ya riƙa manne wa ƙafa yana ƙara ƙas-ƙas, ya fito da surar da aka sa shi don ya rufe. Siket ɗin ciki na auduga da shafa mai sosai a ƙafa suna rage wannan. Masu duwatsu da gam ake manna su. Ruwan zafi da dutsen guga na zubar da su, don haka a juya ta a wanke da hannu. Abaya tana da wurinta: fitar yamma, asibiti, tafiya a mota, sanyin Disamba da suwaita a ciki. A matsayin kayan yini guda a lokacin zafi, doguwar rigar atamfa ta fi ta nesa.

Ƙyallen da ya dace da kowanne

Ɗinki mai kyau a mugun ƙyalle aikin banza ne. Sunan atamfa ba ya tabbatar da komai yanzu. Tun da masaƙun Kakuri a Kaduna suka durƙushe, kasuwa ta cika da atamfar waje, kuma zanen Vlisco na Holan ana kwaikwayonsa har da tambarin gefe. Abin da jiki ya damu da shi shi ne auduga ce ko roba. A zare zare ɗaya daga bakin turmi a kusanta shi da ashana: auduga na ci da wuta, tana ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi, roba na narkewa ta dunƙule ta yi tauri. Atamfar gaske kuma, wadda ake yi wa zane da kaki kafin rini, launinta kusan ɗaya ne ciki da waje, wadda aka buga wa zane a fuska ɗaya kuwa bayanta fari-fari ne. Don gane mai zuba, a jiƙa farin hankici a goga a gefe. Gishirin da ake zubawa a ruwan wanki ba ya tsayar da rinin da bai kama ba.

A wanke atamfa kafin a kai ɗinki, ko da uwar miji za ta ce an kashe mata sabunta. Auduga na ɗan shigewa a wankin farko, kuma a riga mai inci 56 hakan na iya cin inci guda ko fiye. Wankin kuma na fitar da sitacin kamfani, tela ya ga ainihin yadda ƙyallen ke zuba.

Leshi yadi 5 ake sayar da shi, don haka lissafin zani mai yalwa ya fi matsewa. Leshin boyel na auduga, irin wanda Siwizalan da Ostiriya suka yi suna da shi, sanyi gare shi, ya dace da riga da zani ko bubu. Leshin raga mai duwatsu yana da nauyi, yana ƙaiƙayi a hammata, kuma dole sai da shafi, wanda galibi roba ne. Na awa uku ne a wurin biki. Idan anko ya zo da irinsa, a sayi shafin auduga a kai wa tela da hannu, kada a bar masa zaɓi. Shadda ta gaske, irin Getzner, auduga ce, amma sitaci da bugu na toshe ta har sai ta sha wanki biyu ko uku. Ta fi daɗi da hunturu, kuma ta fi kyau a ɗinkin da ke da tsari a kafaɗa. Yadin kanti mai laushi da ake ce wa matiriyal shi ya fi zuba a bubu, sai dai a tambayi ko biskos ne, wato zaren da ake sarrafawa daga itace, ko roba, don biskos na shan gumi amma yana shigewa a wanki kuma yana yamutsewa.

Girman zane ya bi girman jiki. Babban zane irin faranti idan ya faɗo daidai kan ciki ko mazaunai, can ido zai tsaya. A gaya wa tela inda ba a so ya faɗa kafin ya shimfiɗa.

Mayafi da takalmi ba su buƙatar dogon bayani. Gyalen shifon yana zamewa a kan leshi, sai an yini ana gyara shi. Mai auduga-auduga ya fi zama. Dogon hijabi mai kauri a kan abaya ninki biyu ne na roba, da zafi a zaɓi ɗaya. Ɗaurin ɗankwali mai tsauri kullum a wuri ɗaya yana cin gashin goshi, gashin da dama ya fara sirancewa a wannan shekarun. Takalmi kuma a saye shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, mai tudun inci 1 zuwa 1 da rabi mai faɗi. Silifas shafal ba ya taimakon mai ciwon diddige.

Ranar awo

A je da rigar mama da aka saba sawa, wadda ta yi daidai, don ita ke nuna inda dat, wato ɗan ɗinkin tsini da ke fitar da ƙirjin riga, zai tsaya. Awon da aka ɗauka a kan wadda ta saki shi ke sa tsinin dat ya hau sama da ƙirji. A bar ciki yadda Allah ya yi shi. Ƙugu da mazaunai a auna su sau biyu, a tsaye da a zaune, a ɗauki babban. Wadda ba ta son namiji ya auna ta, ko dai ta je wurin tela mace, ko a auna ta a gida ta kai lambobin a rubuce, ko ta kai rigar da ke mata daidai yanzu, ba wadda take fatan komawa cikinta ba. A ce a bar inci 1 da rabi na rara a kowane ɗinkin gefe, kuma kada a datse shi da injin gyaran baki, don da shi za a buɗe rigar baɗi.

Kada a kai turmi mai tsada a gwajin farko. A fara da atamfar auduga mai araha, a ɗinka doguwar riga ta tsakiyar nan, a sa ta yini guda na aiki. Wajen karɓa kuma, kafin a cika kuɗin ɗinki, a gwada a shagon ko a gida a ranar: a ɗaga hannu biyu sama kamar mai sauko da tukunya, a zauna a kujera, a tsuguna, a yi taku mai faɗi. Duk inda ya ja, a sa alli a wurin a mayar. Kayan sallah kuma a kai su tun watan Sha'aban. Tela a goman ƙarshe na azumi ba ya gyara, yankawa kawai yake yi.